Damana a gidajen Kirista na karkarar Maraɗi: gandu, Lahadi da hutun lakwal

1. Gabatarwa

Kalmar Faransanci « été » ba ta da takwara a Hausa. In mai fassara ya ce « rani » ya kauce, domin watannin Yuli da Agusta da Satumba su ne tsakiyar ruwa a ƙasarmu. In ya ce « bazara » ya kama zafi amma ya saki lokaci. Nasaru da kansu sun ci karo da wannan matsala, shi ya sa suka ɗauko « hivernage », kalmar da tushenta sanyin ƙasarsu ne, suka laƙa ma damana. Sai dai kalandar lakwal da suka kawo ta zo kusan yadda take a Faransa: a buɗe a watan Oktoba, a rufe a ƙarshen Yuni. Da haka babban hutun ɗan lakwal, wanda a can lokacin shaƙatawa ne, ya faɗo a nan daidai kan shuka da noman fari da maimai.

A cikin wannan maƙala muna so mu dubi yadda iyalan Kirista na ƙauyukan jihar Maraɗi suka rayu a waɗannan watanni, tun daga zuwan mishan har zuwa ƴan shekarun nan. Jama'a ce ƴar kaɗan, tun da Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba, kuma da yawa daga cikinsu a birane suke. Dalilin da ya sa muka zaɓi damana shi ne: tarihin wannan jama'a, yadda aka saba ba da shi, tarihin rani ne. Da rani ne ɗan mishan ke hawan doki ko mota ya zaga ƙauyuka, da rani ake gini, ake taro, ake baftisma. Kirsimeti na zuwa da ɗari bayan an cika rumbu, Ista kuma da bazara. In ruwa ya sauka hanyoyi kan yanke, masu sauraron wa'azi su watse gonaki, mai rubuta rahoto ya rasa abin rubutawa. Alhali a ganinmu cikin waɗannan watannin ne ake gane ko gidan Kirista zai iya zama a ƙauye ko kuwa sai ya tashi.

Mun dogara ga aikin Barbara Cooper kan Kiristan Maraɗi, wanda ya fito a 2006, da kuma binciken Guy Nicolas da Claude Raynaut kan tsarin noma da zamantakewa a kwarin Gulbin Maraɗi. Sauran kuwa karatun kalmomi ne, wanda shi ne fanninmu.

2. Yadda mishan ta shigo

Ƙungiyar SIM ta faro ne a 1893, lokacin da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan. Biyu na farko sun mutu cikin shekara guda. Sai a 1924 ta buɗe tasharta ta farko a Nijar, a Damagaram, sa'an nan Tsibirin Gobir a ƙarshen shekarun 1920. Maraɗi ta biyo baya, asibitin Galmi a 1950, gidan kutare na Danja a cikin shekarun 1950. Ikilisiyar ƙasa, wato EERN, ta tsaya da sunanta a daidai lokacin samun mulkin kai, kafin ta rarrabu wajen 1990.

Abu biyu ne suka shafi zancenmu a nan. Na farko, ƴan mishan ɗin masu jin Ingilishi ne, daga Kanada da Amurka da Ingila da makamantansu, a ƙarƙashin mulkin Faransa mai yi musu kallon ƴan leƙen asiri, musamman a zamanin Bishi (1940-1942). Dokar 14 ga Fabrairu 1922 ta ce kowace makaranta mai zaman kanta sai da Faransanci za ta koyar, amma ta bar ƙofar ibada da harsunan ƙasa a buɗe. Saboda haka SIM ta daɗe ba ta shiga harkar lakwal ba, ta tsaya ga Hausa: karatun boko don a karanta Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta fito a 1932, da littafin waƙoƙi, da makarantar Littafi a Tsibiri. Na biyu, mishan ta so masu bi su zama manoma masu ci da kansu. Mai bishara da aka tura ƙauye ana son ya riƙe hauya kamar kowa, matarsa ma haka. Gonar koyon noma ta Maza Tsaye, kusa da Maraɗi, daga wannan tunani ta fito. Ashe ke nan tun daga tushe an ɗaure rayuwar ikilisiya ga gona.

3. Gandu da ranar Lahadi

Don a fahimci nauyin maganar, sai mu tuna yadda gida yake a wannan yanki kafin gandu ya fara rushewa. Akwai gonar gandu, wadda ke hannun mai gida, kowa na gida ya yi mata aiki mafi yawan kwanakin mako. Akwai kuma gamana, ƴar gonar da ake ba mace ko saurayi, ya noma ta a ragowar kwanaki ko da marece. Raynaut ya nuna cewa a gidaje da yawa rumbun gandu ba a buɗe yake duk shekara ba. Bayan kaka akan rufe shi, mata su ci da kansu da ƙananan ɗiyansu daga abin gamana da ƴar sana'a, maza su tafi cin rani. Sai ruwa ya sauka a sake buɗe shi. Wato damana ita ce lokacin da gida ke komawa gida guda: aiki ɗaya, tukunya ɗaya, kuma wanda ke ci daga rumbun gandu dole hauyarsa ta shiga gandu.

To, a cikin wannan tsari ne saurayi ya zo ya ce ma ubansa ba ya aiki ran Lahadi. Da rani wannan magana ba ta da wani nauyi, ana iya ɗaukar ta a kan ƙuruciya. Da damana kuwa lissafi ne. Hatsi mai saurin nuna na bukatar kwana 90 ko 100, wato Lahadi 13 ko 14. Noman fari ba ya jira. In haki ya riga hauya, shekara ta lalace. Mafi tsanani shi ne shuka: in ruwan shuka ya sauka daren Asabar, a ƙasa mai rairayi irin ta jigawa laima ba ta wuce kwana biyu ko uku, kowa da kowa har yara sai a fita, ɗaya na sara da sungumi, saura na bi suna zuba iri suna takewa da diddige. Wanda ya zauna majami'a a wannan safiya ya bar wa ƴan'uwansa nasa kason, kuma da marece zai miƙa hannu cikin akushi ɗaya da su. Juma'a ba ta kawo irin wannan rikici ba, domin manomi Musulmi na iya yin aikin safe ya dawo ya yi wanka ya tafi masallaci. Ba a hana shi aikin yini ba. SIM kuwa, bisa al'adar ikilisiyoyin da ta fito daga cikinsu, Lahadi cikakkiya take nema.

Mafita uku muke gani. Wani ya yi musaya, ya ba da ranar gamanarsa ta zama ranar hutunsa, wanda ke nufin shi ke biyan kuɗin addininsa daga aljihunsa, kuma a kaka ba shi da abin sayarwa don tufafi ko sadaki. Wani ya nemi a raba masa gona ya fita gandu tun kafin lokaci, abin da uba ba ya yarda da shi cikin daɗin rai. Wani kuma ya tashi ɗungum ya koma kusa da tashar mishan, inda sarki ya ba da fili. Ta wannan hanya ta uku ce aka sami unguwannin Kirista a gefen wasu garuruwa, da kuma gidajen da suka taru kewaye da Danja, inda waɗanda suka warke daga kuturta, ba su da sha'awar komawa garin da aka ƙyamace su, suka yi aure suka kama noma. Sunan « ƴan mishan » da aka riƙa kiran su da shi, ko da yake akwai raini a ciki, yana faɗin inda gonarsu take.

Gayya ma ta zama abin tattaunawa. A wajen Anna, gayya na tafiya da giya da kiɗa, kuma aikin gona gaba ɗaya na kewaye da tsafi: yanka ga iskokin gida kafin shuka, da bukukuwan da Nicolas ya bayyana, irin su buɗin daji da bikin dubu na sarkin noma. Mishan ta hana giya da taba, kuma ta daɗe tana ƙyamar ganga. A nan Kirista ya sami kansa kusa da maƙwabcinsa Musulmi fiye da ɗan'uwansa Anne, tun da dukansu biyu sun bar tulun giya. Gayyar da ikilisiya ta riƙe ta fura ce da tuwo: a noma gonar fasto ko ta mai bishara, a noma ta gwauruwa, a noma ta wanda kurkunu ya kwantar. Kada a raina wannan na ƙarshe. Kafin a kawar da cutar (Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewarta a Nijar a 2013), kurkunu na fitowa ne daidai lokacin noma, ya ɗaure ƙafar mai gida makonni. Ga wanda ya rabu da danginsa, gayyar ikilisiya ce ta maye gurbin ƴan'uwan da ya rasa.

Sai batun mace ɗaya. SIM ba ta yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma. Galibi ana tattauna wannan ta fuskar ɗabi'a, amma ga manomi magana ce ta hannuwa. A gida mai mata uku, ɗaya na daka da dama fura, biyu na gona, kuma in ɗaya ta haihu aiki bai tsaya ba. A gidan mace ɗaya ita ce mai daka, mai ɗiban ruwa, mai itace, mai kai fura, mai noma. In ta haihu a watan Agusta, sai dai a nemi ƙanwa ko ɗiyar ƴar'uwa, in dangi ba su yanke zumunci ba. In sun yanke, sai Zumuntar Mata. Wannan ƙungiya, wadda baƙo ke gani a matsayin masu waƙa da kiɗan tulu ran Lahadi, aikinta na damana shi ne surfe da daka da ɗauko ruwa a gidan mai jego da mai jinya. Muna ganin ƙarfinta a cikin ikilisiya, wanda sau da yawa ya fi na majalisar dattawa, daga nan ya samo asali.

4. Yini guda a tsakiyar malka

Tsarin yinin bai bambanta da na maƙwabta sosai ba. Ana tashi da asuba. Inda maƙwabci ke alwala, nan ana taruwa a yi addu'a, wanda ya iya karatu ya karanta ƴan ayoyi, wani lokaci a yi waƙa guda. Maza su saɓa hauya. Mata su tsaya daka. Wajen hantsi ko kusan azahar a kai fura gona, yawanci a kan yarinya, uwa ta biyo ta kama nata aikin. Awaki da tumaki suna turke don kada su shiga gonar wani, saboda haka yankan ciyawa na yara ne. Da la'asar a juya ga gamana, inda mace ke da wake da gyaɗa da kuɓewa da yakuwa. A watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, tukunya na komawa ga ganye: tafasa da rama da yaɗiya, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli in akwai. Sai an fara gasa tumu ne hankali ke kwantawa.

Matan Kirista ba su shiga kulle ba, kuma wannan ya ƙara fitowa fili a ƙarshen ƙarni na 20. Marthe Diarra da Marie Monimart sun nuna yadda ƙarancin ƙasa a kudancin jihar Maraɗi ya sa aka riƙa janye mata daga gona, ana ba abin sunan addini alhali gonar ce ta kasa. Gidan Kirista ba shi da wannan hujja, amma ƙarancin ƙasar ya same shi shi ma, har ma da ƙari: bisa fiƙihun Malikiyya bambancin addini na hana gado, kuma tun da dokokin ƙasa sun bar sha'anin gado ga al'ada, kuma kundin dokar iyali da aka tsara a farkon shekarun 1990 bai sami shiga ba, rabon Kirista a gonar ubansa ya dogara ga kirkin ƴan'uwansa. A gidaje da yawa kirkin bai rasa ba, ana ba shi nasa a matsayin kyauta ko aro. Amma aro aro ne, kuma kowace bazara, lokacin sassabe, ana iya tuna masa.

Ran Lahadi ana buga ƙararrawa, wadda sau da yawa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne rataye ga icce. Majami'ar laka na bukatar yaɓe kafin ruwa, aikin da ake yi tare da bazara. Da aka sami rufin kwano an huta da yoyo, amma an sami wata matsala: in ruwa ya tsuge ana tsakiyar wa'azi ba mai jin ko kalma, sai a koma waƙa har ya tsagaita. Maza a gefe guda, mata a gefe guda, yara a gaba bisa tabarma. Baiko a wannan lokaci ba ya da auki. Dala-dala ne, wani lokaci ƙwai ko ɗan tiya na wake. Bayan sujada akan zaga marasa lafiya, kuma a malka ba a rasa su, tun da zazzaɓin cizon sauro na kai ƙololuwa daga Agusta zuwa Oktoba. Da marece mai gida kan taka zuwa gona, hannu a baya, ya dubi hatsi. Ba aiki yake yi ba, don haka ba mai cewa ya karya Lahadi. Amma in ya ga haki a gabansa, da wuya ya wuce bai cire ba.

Aure ba safai ake yin shi da damana ba, sai kaka. Suna kuwa ba ya jiran kaka. Kirista sun riƙe shi da sassafe, bayan mako guda da haihuwa, fasto a wurin liman, maƙwabta Musulmi na zuwa a raba goro, kowa ya wuce gona. A nan ma harshe na ba da shaida. Yaro na iya zama Istifanus ko Bitrus a littafin ikilisiya, yarinya Rifkatu ko Rahila, amma kaka ta kira shi Shibkau don an haife shi ana shuka, ko Nomau, ko Anaruwa, kuma sau da yawa wannan sunan ne ke bin sa har tsufa.

In ruwa ya ɗauke tsakiyar damana, hatsi ya fara naɗewa, kowace jama'a na fita roƙo: Musulmi a filin idi, ƴan bori da nasu hanyoyi, Kirista a majami'a da addu'a da azumi. Lokaci ne mai haɗari ga ƴan tsiraru, don fari kan sa a nemi mai laifi. Amma kuma shi ne lokacin da bukata ta zama ɗaya, hadarin da ya taso ba ya tsallake gonar kowa.

5. Bakansi

Lakwal ta shigo gidajen Kirista a makare, amma da ta shigo ta kama da ƙarfi. Masu bi da kansu ne suka matsa ma mishan, domin sun ga cewa karatun Hausa kaɗai ba ya kai ɗa ga aikin gwamnati. Daga baya aka sami makarantun Faransanci na mishan, har da na kwana, irin ta Tsibiri. Iyalin da gonarsa ba ta da tabbas ya fi kowa saurin gane amfanin takarda. Cikin tsara guda ko biyu, ɗiyan masu bishara da na tsofaffin majinyatan Danja suka zama mushe da malaman asibiti da ma'aikata a Maraɗi da Yamai.

Hutun Yuli zuwa Satumba shi ne ya hana igiyar tsinkewa. Ɗan kwaleji na dawowa bayan jarrabawar Yuni, ya tarar an yi shuka, a miƙa masa hauya. Tafin hannunsa ya yi kanta cikin mako guda. Ɗiyan ma'aikata ana aiko su wajen kakanni. A majami'a waɗannan ƴan hutu ne ke karanta nassi ba gargada, su koya ma yara, su kawo sababbin waƙoƙi, wasu da Faransanci, kuma a cikin wannan hutu ne ake shirya tarukan matasa, inda ɗan ƙauyen da shi kaɗai ne Kirista a ajinsu ke ganin tsararsa. Ga jama'ar da ke warwatse, gida uku a nan, biyar a can, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko don neman aure. Sai dai taron mako guda a watan Agusta hannu ne aka cire daga maimai, kuma uban da ya biya kuɗin mota bai rasa abin cewa ba.

Da tafiya ta yi tafiya, abin da ɗa ke kawowa ya sauya. A da ƙarfinsa yake kawowa. Daga baya kuɗin barema yake aikowa a ɗauki ƴan ƙwadago su yi noman. Gona na nomuwa, amma bencin matasa a majami'ar ƙauye na zama wayam.

6. Hausar littafi da Hausar gona

Ƴan mishan a Najeriya suka koyi Hausa, kuma fassarar 1932, wadda Walter Miller na Zariya ya yi babban aiki a kanta, da wadda ta biyo ta a 1979, duka sun jingina ga karin Kano da Zazzau. Bagobirin Tsibiri na cewa « damana » da « ɗiya » da « shibka » a gona, ya shiga majami'a ya karanta « damina » da « ƴaƴa » da « shuka ». Har ila yau, kalmomin ibada kusan duka an aro su ne daga rumbun da Musulunci ya riga ya cika: Allah, addu'a, sujada, wa'azi, azumi, zunubi, alkawari, zakka. Ko sunan Almasihu, wanda fassarar 1979 ta fifita a kan Kristi, daga can yake. Wannan ya sa maƙwabci na jin abin da ake faɗa, amma yana jin shi da wata ma'ana: « sujada » a bakin Kirista taron ibada ne gaba ɗaya, ba sa goshi a ƙasa ba.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yadda misalan noma na Linjila ke faɗawa a kunnen manomin hatsi. A Falasɗinu ruwa da sanyi yake zuwa, girbi kuma da zafi, saboda haka duk inda nassi ya ambaci lokacin zafi tilas mai fassara ya zaɓa tsakanin rani da bazara da kaka, ba ɗaya da ya dace sarai. Mai shukar da ke cikin sanannen misalin nan watsa iri yake yi, har wani ya faɗa kan hanya, wani kan dutse. A ƙasar da ake sara rami a ƙirga ƙwaya a take, wannan ɓarna ce da ba a yi wa yaro uzuri a kanta. Misalin alkama da zawan kuma na cewa a bar haki har girbi, wanda shi ne akasin duk abin da noman fari ke nufi, ga shi alkama a nan abin fadama ce da rani. Mai wa'azin ƙauye, wanda shi ma ran Asabar a gona ya yini, dole ya fara da bayanin yadda waɗancan mutane ke noma kafin ya kai ga darasi. Irin wannan fassara ta biyu, ta baka, ita ce ta mayar da littafin na Gobir da Katsina, kuma ba a rubuta ta a ko'ina ba. Yanzu da kundin tsarin ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kamata masu nazarin rubutacciyar Hausa a Nijar su tuna cewa waɗannan ƴan majami'u na cikin wuraren farko da talaka, mace da namiji, ya riƙe littafin boko na Hausa a hannunsa.

7. Shekarun da damana ta ƙi

Yunwar 1973-1974 da ta 1984-1985, wadda mutanen Maraɗi ke kira El-Buhari, sun sauya matsayin mishan a idon karkara. Ƙungiyar da ta daɗe tana ɗari-ɗari da duk abin da ba wa'azi ba ta sami kanta tana rabon hatsi. A wannan yanayi ne Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya zo aiki da SIM a 1981, ya lura a 1983 cewa ƴan tsirran da manoma ke sarewa kowace bazara rassa ne na kututturan itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In an zaɓi ƴan kaɗan aka gyara aka bari, sai su zama itace. A yunwar 1984 aka haɗa wannan da shirin abinci a bakin aiki. Da rabon ya ƙare mutane da yawa sun sare nasu, wasu suka bari, kuma daga waɗannan ne abin da ake kira sassaben zamani ya bazu. Masu bincike sun ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar; Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Ba mu yarda da masu ba da labarin kamar mutum guda ne ya mayar da daji ba. Manoman Damagaram sun san darajar gawo, wanda ke zubar da ganye da damana ya bar hatsi ya sha rana, tun kafin a haifi kowane ɗan mishan, kuma sassaucin da aka samu wajen ikon ma'aikatan gandun daji a kan itacen gona ya taimaka ƙwarai. Mafi yawan waɗanda suka yi aikin Musulmi ne. Abin da ya shafi zancenmu shi ne cewa sabara da kalgo da aka bari a gona sun rage tafiyar neman itace, tafiyar da a gidan mace ɗaya ba mai karɓar ta.

Ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba ake girbi. A ɗaure damma, a ƙirga, a fitar da ɗaya cikin goma. Maƙwabci Musulmi ma ɗaya cikin goma yake fitarwa daga abin da ruwan sama ya shayar, kuma dukansu « zakka » suke cewa. Na wancan ya tafi ga mabukata da malamai, na wannan a ɗora a kai ko a amalanke zuwa rumbun ikilisiya, inda fasto zai ci daga ciki, a ajiye saura don baƙi da gwauraye da watan Agusta mai zuwa. Ran sujadar godiya ana jera damman a gaban majami'a tare da wake da gyaɗa da kabewa, wani ya kawo zakara. Sau da yawa ƴan lakwal ba su ganin wannan rana, don an riga an sayar da tiya kaɗan na sabon wake an yi musu kuɗin mota da na littattafai, sun koma tun farkon Oktoba.